Gawon Nan Uku na Bakin Hanyarka

Kwaya, ranar Talata.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun sauka Guci lafiya, kai da matarka, ƴata Rabi, kun kuma tarar da mutanen gari lafiya. Allah ya tsare ku a sabon wuri, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya sa aikin jinyar da aka tura ka yi a gidan likita ya zama alheri gare ka da waɗanda za ka duba. Innarku tana gaishe ku. Daddawa da kuka da ke cikin buhun nan nata ne. Takardar ce kawai tawa.

Ranar da za ku tashi, muna cin tuwo a zaure, ka ce ranar Asabar za ka sa a sare gawon nan guda uku da ke tsakanin hanyar latarit, wato babbar hanyar jar ƙasa, da ƙofar sabon gidanka, a miƙe hanyar shiga yadda mota za ta shigo kai tsaye, in ruwa ya sauka kuma ka jera itacen turare dama da hagu kamar na gaban ma'aikatun Magarya. Na yi shiru, ka ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Baƙi ne suka yi yawa, kuma ka san ni, in abu ya dame ni bakina nauyi yake yi. A waya ma rikicewa nake, ga rezo yana yankewa ana tsakiyar magana. Shi ya sa na zauna na rubuta, na karanta sau biyu na gyara.

Na san abin da za ka ce. Baba ya samo dipulom da furfura, yanzu kowace bishiya sai ya yi mata darasi. Innarku ma haka take cewa, tun da na gama makarantar aikin gona wata huɗu da suka wuce ba ta daina kirana ɗan lakwal ba, wato ɗan makaranta. Ku yi dariyarku. Amma abin da zan faɗa maka ba daga aji na fara saninsa ba. A ƙofar gidan nan na san shi, ta hanyar ɓarnar da na yi da hannuna. Makaranta sunayen kuskurena kawai ta koya mini.

Ba ka san Malam ba, mahaifina, wanda kake ɗauke da sunansa. Wata huɗu da rasuwarsa aka haife ka. Lokacin yana da rai akwai wani babban gawo tsakanin ƙofar gidanmu da hanyar gari, kuma turbar da ke shigowa gida ba miƙaƙƙiya ba ce, sai ta kewaya gawon ta gabas sannan ta iso zaure. A gindinsa Malam yake shimfiɗa buzunsa duk rani, nan ake kawo masa fura, nan masu wucewa suke tsayawa su gaishe shi.

Shekarar da na fara sayen gyaɗa ina kaiwa Magarya, sai kwanar nan ta fara ba ni haushi. Kamiyon, wato babbar motar da ke ɗaukar buhuna, ba ya iya shanye ta, sai an yi ta ɗauko kaya a ka zuwa bakin hanya. Ban shawarci kowa ba. Ranar da Malam ya tafi ta'aziyya Mallawa na kira masu gatari. Kwana biyu suka yi suna sara. Da ya dawo ya tsaya a kan jakinsa yana kallon wurin, ya daɗe bai sauko ba. Na matsa na ce, "Malam, ka ga yanzu mota za ta zo har zaure."

Ya ce, "Na gani, Salisu. Hanya ta miƙe." Sai can ya ƙara da cewa, "To ni ina zan zauna?"

Iyakar abin da ya ce ke nan, har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba. Buzunsa ya koma ƙofar gidan maƙwabcinmu Alhaji Habu, mahaifina yana zaman aro a inuwar wani. Ina wucewa ina ganinsa, ina sunkuyar da kai in ƙara sauri.

Da damina ta faɗi na gane abin da ya sa turbar take kwana. Wurin da na miƙe hanyata ɗan kwari ne, ido ba ya ganinsa da rani, amma ta nan ruwan unguwa yake bi. Turbar Malam kan tudu take bi, inda ƙasa ke da ƙarfi. Ruwan farko ya yi rami a tsakiyar sabuwar hanya, na uku ya sa amalanken jaki ya kafe har gindi. Kamiyon da na sare gawo dominsa sau biyar kawai ya shigo. Na ƙirga. Kafin shekara uku mun koma bin tsohuwar turba, muna kewaya kututture.

Don haka abu na farko: kada ka ja layin hanya kafin ka ga inda ruwa yake bi. Zan gaya maka wani abu, kada ka yi fushi. Ranar kasuwar Guci da ta wuce, kafin ku tare, na hau kabu-kabu na je filinka ni kaɗai da igiyar awo. Daga latarit zuwa inda ƙofarka take metir arba'in da biyu ne. Gawo na farko yana kan metir tara, na biyu ashirin da uku, na uku talatin da ɗaya. In ka ja miƙaƙƙen layi, na tsakiyar ne kaɗai yake kan layin, sauran biyun gefe suke, ba abin da suka tare. Kuma yamma da na tsakiyar na ga karare da ƙiraren da ruwan bara ya tara a jere, alamar magudana ce. Ban ga wurin da ruwa a kansa ba, saboda haka ba zan rantse ba. Amma in ka karkata hanyar metir uku zuwa gabas, ka tsira da gawon, ka kuma kauce wa kwarin. Ka jira ruwan farko, ka fita da sanda yana ɗaukewa, ka kafa turaku inda ka ga ya bi. Mako biyu ko uku ne kawai. Motar ma ai ba ka saya ba tukuna.

Na ji ka ce gawo ƙaya gare shi, yana fasa taya, kuma da damina ba shi da inuwa. Duka biyun gaskiya ne, ba zan musa ba. Amma ka tuna lokacin da mutum yake neman inuwa. Da damina akwai gajimare, ko'ina kore ne. Da bazara, lokacin da ƙasa take ƙona tafin ƙafa, shi ne gawo yake cike da ganye. Zubar da ganyensa da damina shi ya sa hatsi yake yin kyau a gindinsa, ba ya tare masa rana, ganyen kuma taki ne. Ƙayar kuwa, a datse rassan ƙasa har inda hannun mutum a tsaye yake kaiwa, a riƙa share hanyar, shi ke nan. Ka sani kuma gawo ba a sare shi haka kawai, sai da izinin ma'aikatan gandun daji, ko da a filinka yake. Bai kamata farkon abin da Guci za ta sani game da sabon malamin jinya ya zama an kira shi kan saran itace ba.

Ina cikin awon nan wata dattijuwa mai gonar da ke yamma da kai ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Bawan Allah, kai ne mai filin?" Na ce ɗana ne. Ta ce, "To ka gaya masa awakina sun riga shi sanin wurin nan. Ƴaƴan gawon nan suke ci har ruwa ya sauka." Ta ce mijinta marigayi ne ya bar su tun suna toho, lokacin filin yana cikin gonarsu. Ban yi mata alkawari ba, tunda filin ba nawa ba ne. Amma ka san da wannan kafin ranar Asabar.

Yanzu turare. Bayan na sare gawon Malam, kunya ta sa na nemi abin da zai yi saurin rufe wurin. Aka ce mini turare, shekara uku ya wuce soro. Na dasa goma sha shida, takwas a kowane gefe, kuma layin yamma a kan iyakar gonar Alhaji Habu yake. Sun yi sauri kam, ban taɓa ganin itace mai sauri haka ba. Amma inuwarsu siririya ce, tana can sama, ba mai iya zama a ciki da tsakar rana. A shekara ta huɗu kunya biyar na hatsin Alhaji da ke bin layin suka tsaya iya gwiwa, sauran gonar kuwa ta fi mutum tsawo. Ya kira ni ya nuna mini.

Ya ce, "Malam Salisu, sojojin nan naka da ka jera mini, me suke ci?"

Na ce, "Ruwan Allah suke sha, Alhaji."

Ya ce, "Ruwan Allah na gonata dai. Duba nan." Ya sa hauya ya tono, ga saiwoyi kamar igiya sun shiga gonarsa taku goma sha biyu. Na taka da ƙafata na ƙirga.

Maimakon in ba shi haƙuri sai na tsaya gardama, na ce ƙasarsa ce ta gaji. Mutumin da ya ba mahaifina inuwa. Muka yi shekara guda gaisuwa kawai, ba hira. Sai da iskar farkon damina ta karyo wani reshe ya faɗa kan rumbunmu ya ɓarke shi, sannan na sare su duka, na je na same shi. Mutane sun ce turaren ne ya janye ruwan rijiyarmu a shekarun nan. Wannan ban auna ba, kuma ruwan sama ma ya yi ƙaranci lokacin, don haka ba zan ɗora masa abin da ban tabbatar ba. Hatsin Alhaji da rumbun kuwa da idona na gani.

Ba cewa nake turare ba shi da amfani ba. Wanda yake da fili nesa da gona da gida, yana son azara ko itacen rufi, ya dasa. Amma gefenka na yamma gonar dattijuwar nan ce. Duk abin da ka dasa a kan iyaka, kai da maƙwabci kuka dasa, ko ka tambaye shi ko ba ka tambaye shi ba. A gefen nan kada ka ƙara komai mai tsawo. Gawon ya isa, shi kaɗai ne itacen da mai gona zai gode maka da ka bar masa a kan iyaka.

Kuskure na uku shi ne wanda ya fi duka muni. Da muka koma tsohuwar turba na dasa bedi, wato darbejiya, a gefenta biyu. Bedi zaɓi ne mai kyau, ba ya zubar da ganye gaba ɗaya, yana jure fari in ya kama. Amma da na riƙe su a leda, ƴan ƙanana iya tsawon hannu, sai na auna hanyar da girmansu na ranar. Metir biyu da rabi na bari tsakanin layi da layi. Shekara takwas bayan haka, ranar da za a haifi autarku, haihuwa ta zo wa innarku da gardama. Da hantsi ne. Alhaji Habu ya kawo motarsa ta ɗaukar kaya don a kai ta Magarya. Motar ta sa kai ta tsaya, gindin bedi dama, gindin bedi hagu, rassa sun tokare gilashi. A tabarma muka ɗauko innarku, mu huɗu, tun daga ɗaki har bakin hanya, tana cije leɓe. Alhaji yana riƙe da kusurwa ɗaya yana haki ya ce, "Kai dai Salisu! Da turare ka ci gonata, yau da bedi ka hana ni taimakonka." Allah ya sa aka isa da lokaci. Da an makara fa? Kai ma'aikacin lafiya ne, ka fi ni sanin amsar.

Saboda haka ka auna da girman da itacen zai yi, ba girman da yake da shi a leda ba. Ka bar metir huɗu fili na mota, sannan daga bakin hanyar ka ja baya metir biyu kafin ka haƙa rami. Tsakanin bedi da bedi metir takwas. Zai yi maka kamar wurin wayam ne, za ka ji kamar ka cusa wasu a tsakani. Kada ka cusa. In idonka ya kasa jurewa, sa zogale, yana saurin tashi, Rabi ta samu na miya da kwaɗo, ranar da bedi ya buɗe kuma a cire shi ba asara. Bedin ƙarshe ya yi nesa da katanga aƙalla metir biyar, saboda saiwar bedi tana tsaga gini, ka ga yadda ta yi wa zaurenmu. Ka ɗaga kai kuma ka duba ta inda wayar lantarki za ta bi in ta iso unguwarku, kada ka rena itace shekara goma a zo a guntule masa kai.

Akwai kuma mangwaro. Wannan innarku ta ce lallai in rubuta, wai kada in ɓoye. Wata shekara na kawo dashe goma sha biyu na jera a bakin turba, a tsakiyar rani, ban tambaye ta ba, na tafi harkar gyaɗata. Ita ta yi ta jan ruwa safe da yamma har hannunta ya yi kanta. Awaki suka cinye biyar saboda shingen da na yi ba shinge ba ne, gara ta ci huɗu, biyu suka bushe. Da na dawo ina faɗa, ta ajiye guga ta ce, "Malam, kai ka dasa da baki, ni na yi ta dasawa da ƙugu. In ka ƙara kawo wani, ka kawo masa rijiyarsa." Ɗayan da ya rayu shi ne na bayan makewayi, inda ruwan wanka yake gangarawa.

Na tambayi dattijuwar nan zurfin rijiyar unguwarku, ta ce igiyarta gaba goma sha huɗu ce. Na kuma tona rami uku a bakin hanyarka har iya kafaɗa, rairayi ne zalla. Mangwaro ba zai ji daɗin wurin ba. In kuna so, ku sa biyu cikin gida inda ruwan wanka yake bi. Kuma kafin ka sayi ko ɗaya, ka zauna da Rabi. Kai kana gidan likita wuni guda, wani lokaci a tura ka ƙauyuka. Ka tambaye ta guda nawa za ta iya ɗauka har su shekara biyu, abin da ta ce shi ne adadin, ba abin da idonka yake so ba.

Ga abin da nake ganin ya dace, in kun yarda. Gawo uku su tsaya. A gefen gabas bedi huɗu. A bakin latarit, inda baƙo zai fara gani, tsamiya ɗaya. Tana da jinkiri ƙwarai, wataƙila ƴaƴanka ne za su sha inuwarta, amma ba ta da saurin mutuwa. Kada duka su zama iri ɗaya, domin na ga shekarar da bedin garin nan suka yi ta bushewa daga sama, wanda ya dogara da su kaɗai ya rasa inuwa. Na so in ce ka gwada maɗaci, sai dai ban tabbata rairayin nan zai riƙe shi ba, kuma masu neman magani sukan ɓare shi har ya mutu. Ramin kowanne ya kai rabin metir faɗi da zurfi, a haƙa tun yanzu, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba, ɗanye yana kiran gara. A zuba toka. Kada a dasa sai ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙe har ƙasan ramin. A yanke ledar a cire, na sha ganin masu binne itace da ledarsa. Shinge kuma a yi shi ranar da aka dasa, ba washegari ba. Akuya ba ta jiran washegari.

Bedin da tsamiyar suna nan na rena su da kaina a bayan gida, ba sai ka saya ba. Ranar kasuwar Guci mai zuwa zan kawo su da igiyar awo da turaku. Ba tambaya nake ba, zuwa zan yi. In ka ga dama ka yi mini dariya a gaban Rabi, zan jure.

Saura abu ɗaya. Gawon da ke ƙofar gidanmu yau, wanda kuka yi wasa a gindinsa, kuna ɗauka dasa shi aka yi. Ba a dasa shi ba. Na Malam ne. Kowace shekara kututturen yana fitar da toho, kowace shekara ina sa adda in share. Shekara tara ina haka. Ina cewa sassabe nake, amma gaskiya ba na son ganinsa ne, yana tuna mini. Wata safiya na ɗaga adda, innarku tana shara ta ce mini, "Malam, shi bai gaji da dawowa ba, kai ba ka gaji da korarsa ba?" Na zaɓi toho ɗaya mafi ƙarfi na bari, na datse sauran, na kewaye shi da ƙaya. Bana shekararsa goma sha takwas. Jiya na auna gindinsa, hannuwana biyu da ƙyar suka haɗu. Inuwarsa ta kai daidai inda buzun yake a da. Sai dai mai buzun bai gani ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce masa ya yafe mini ba. Kullum ina cewa gobe.

In takardar nan ta same ka kafin Asabar, ka sallami masu gatari. In kuma ta makara, an riga an sare, kada ka ɓoye mini, kuma kada ka bari a sa wa kututturen wuta ko a tone shi. Ka bar shi yadda yake, zai yi toho, zan nuna maka wanda za a bari.

Ban taɓa kiran sunanka ba tun da aka raɗa maka shi, ka san dalili. Sau ɗaya na sare wa mai sunan nan inuwa ban tambaye shi ba. Yau ga ni ina tambaya. Babana, ka bar su.

Allah ya tsare ka a hanya da wurin aiki, ya tsare Rabi, ya kare gidanku daga sharrin ruwa da iska da na mutum. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan Malam, ya sa ku daɗe kuna shiga ta ƙofar nan lafiya kuna fita lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Salisu